Amsar Da Ba Wanda Ya Latsa

Da safiyar Litinin, kafin Sufeto Abdulmalik ya gama kakkaɓe ruwan saman da ya jiƙa masa hula, aka tare shi da labarin cewa an yi sata a wata makarantar kuɗi da ke Tudun Wada, kuma har an kamo ɓarawon. Wannan na ƙarshen ne bai yi masa ba. A iya saninsa da aikin nan, ɓarawon da aka kawo maka a naɗe kamar tsire ya fi wanda ya gudu sa ciwon kai.

Mai makarantar ce ta ɗauko wanda ake zargin da kanta a motarta. Madam Nwamaka ke nan, mace mai jiki da murya, wadda ta tayar da makarantar Dutsen Haske daga aji biyu har ta zama sakandare mai bene. Tana tsaye a tsakiyar caji ofis tana faɗa, kai ka ce ita ce DPO. Wanda ta kawo kuwa yana bayan kanta, wani saurayi siriri mai suna Dachung, malamin kwamfuta na makarantar. Idonsa ya yi ja, amma bai yi kuka ba.

"Abeg, Ofisa, ba na son dogon magana," in ji Madam. "Ni na ɗauke shi aiki, ni na ba shi makulli. Akwai wanda ya gan shi da ido."

"Me aka sace?"

"Kilika. Duka jaka ɗin."

Sufeto ya dubi Sajan Roseline, wadda suke aiki tare, ita ma ta dube shi. Sun bi sawun shanu, sun bi na babura da wayoyi, amma wannan suna ko a mafarki ba su taɓa jin sa ba.

Wanda ake zargin ne ya fitar da su daga duhu. Ya ce kilika 'yar na'ura ce kamar rimot ɗin talabijin, mai maɓallai huɗu, A, B, C da D. Kowane ɗalibi yana riƙe da ɗaya. Malami ya haska tambaya a bango da majigi, yara su latsa amsar da suka zaɓa, nan take kwamfuta ta nuna yawan waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Ba ɗaga hannu, ba satar amsa daga bakin na kusa. Tsofaffin ɗalibai ne suka saya wa makarantar, shi kuma aka ɗora masa aikin haɗa su, ya sa musu batir, ya manna musu lamba, ya koya wa malamai yadda ake amfani da su. Ranar Laraba mai zuwa za a nuna wa iyaye.

Yana bayanin ne har da hannu, ya manta inda yake. Sai da ya kai ƙarshe ya tuna, hannun ya sauka.

"Ranar Juma'a ka fita da jaka?" in ji Sufeto.

"A'a, Oga. Ban taɓa fita da kayan makaranta ba."

Ya faɗa ne yana kallon ƙasa, Sufeto kuwa bai ji daɗin hakan ba.

Kafin su kama hanya DPO ya kira shi ofis. Ashe Madam ta riga ta shiga ta fito. Umarnin a taƙaice yake: akwai mai ƙara, akwai mai shaida, gobe da safe a kai yaron kotu. Sufeto ya sara ya fito ransa a jagule. Ya san abin da kotu take nufi ga malami irin Dachung. Ko daga baya an wanke shi, babu makarantar da za ta ƙara damƙa masa makulli a faɗin garin Jos. Sunan da ya shiga kotu kan satar kayan yara ba ya fita da sabulu.

Shi dai Sufeto Abdulmalik mutum ne da kujerarsa ba ta san ɗumin jikinsa ba. A tsaye yake tunani, a tafe yake cin abinci, in magana ta dame shi kuwa sai ya yi ta kai da kawo har mai kallonsa ya fara jin jiri. Ranar kuwa tun a mota ya fara kaɗa ƙafa.

Ɗakin kwamfuta yana hawa na sama, a ƙarshen baranda. An bar shi yadda aka same shi. Kwamfutoci suna jere a lulluɓe, majigi yana kan teburinsa sabo fil, ba wanda ya taɓa shi. Wurin jakar kilikar ne kawai babu komai.

"Wannan ɓarawo bai san ciwon kansa ba, Oga," in ji Roseline. "Ya bar nama ya ɗauki ƙashi."

Sufeto ya durƙusa a bakin ƙofa. Ga kwaɗon da aka fasa nan a yashe, ya lotse kamar gwangwanin da mota ta taka. Ya shafa jikin ƙofar, ko ƙwarzane babu. Ya shafa daɓen siminti, sai ga sabbin ramuka, garin simintin ma bai baje ba.

"Ba a jikin ƙofa aka fasa shi ba," ya ce. "Buɗe shi aka yi da makulli, aka ajiye a ƙasa, aka bi shi da dutse."

Madam, da ke tsaye a kansu, ta ce ai dama ta faɗa, mai makulli ne. Sufeto ya tambaye ta makullan nawa ne. Ta ce ɗaya yana jakarta, ɗaya yana hannun Dachung, na ukun kuma yana rataye a ƙusa a ofishin mataimakinta, inda duk malamin da ke buƙata yake zuwa ya ɗauka. Shi ma mai gadi da aka kira, ya rantse ba wanda ya haura katanga a ƙarshen mako. Ya ce tabbas ya ga Dachung ya fita da jaka ranar Juma'a, amma launinta bai kula ba. Ban da shi, ba wanda ya wuce ƙofar da wani kaya mai nauyi.

Abin da Sufeto ya gano ya ƙara danne yaron ne maimakon ya ɗaga shi. Ya miƙe yana tsaki, ya ce a kai shi wurin mai shaidar.

Mai shaidar shi ne mataimakin Madam ɗin, Malam Natana'el, malamin lissafi kuma mai kula da ladabtarwa. Dattijo ne dogo, furfura ta gama cin kansa, rigarsa ta sha guga har tana neman yankan hannu. Rabin malaman makarantar ta hannunsa suka bi, ciki har da Dachung. Shi ne ma ya kawo shi wurin Madam lokacin da yake neman aiki.

Ofishinsa bai fi ɗakin ajiyar tukwane girma ba, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin malamai. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, sai wani ƙaton akwatin katako a jikin bango. Ya ce musamman ya sa aka ƙera masa shi a kasuwar Katako, nan yake kulle duk abin da ya ƙwace a hannun yara har ƙarshen zango. Ya miƙa wa Sufeto kujerar, shi kuma ya zauna a kan akwatin. Sufeto ya ɗosana kaɗan don kada ya ƙi girmamawar, sannan ya miƙe.

"Malam, me ka gani ranar Juma'a?"

"Na ga Dachung ya sauko daga bene da jaka bayan an tashi."

"Wace iri?"

"Shuɗiya. Ta kayan nan."

"Ka yi masa magana?"

"Ban yi ba. Ɗana ne, Ofisa, ban kawo komai a raina ba. Yau da na faɗa wa Madam, ji na yi kamar na yanka kaina."

"Kai ka taɓa amfani da kilikar?"

Dattijon ya yi 'yar dariya. Ya ce shi da alli aka san shi, da alli kuma zai yi ritaya. Kayan yaran zamani ne, ko a hannu bai taɓa riƙe su ba, kuma ba su taɓa shiga ajinsa ba. Ya yi maganar a natse, ido cikin ido, irin shaidar da alƙali ke so. Sufeto ya yi masa godiya ya fita.

Da azahar abin ya ƙara lalacewa. Roseline ta je ɗakin da Dachung ke haya, ta dawo da kwamfutar makaranta, irin ta tafi-da-gidanka, wadda ta samu a ƙarƙashin katifa. DPO ya ji, ya aiko cewa ai magana ta ƙare.

Sufeto ya sa aka fito masa da yaron. Haushi yake ji sosai, irin haushin wanda yake ƙoƙarin ciro mutum daga rijiya shi kuma yana sakin igiya. Ya dangwara kwamfutar a gabansa.

"Ka ce ba ka taɓa fita da kayan makaranta ba."

Dachung ya amsa cewa ƙarya ya yi. Madam ta hana a fita da kwamfutar, ta ce duk wanda ya yi a bakin aikinsa. Shi kuwa tambayoyin ranar Laraba bai gama shiryawa ba, shi ya sa ya sako ta a baƙar jakarsa ya tafi da ita gida. Da aka ce an yi sata, tsoro ya hana shi faɗa.

"Baƙar jaka?"

"Baƙa, Oga. Ita kaɗai gare ni."

Sai ya nuna wani ɗan abu da ke maƙale a gefen kwamfutar, bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce sunansa risiba, shi ne kunnen da ke jin duk abin da aka latsa. In babu shi, kilika ba ta da amfanin komai, ko mai gwangwan ba zai saye ta da daraja ba. Wanda ya san kayan ba zai ɗauki jakar don ya sayar ba.

Sufeto ya tsaya cak a tsakiyar zagayen da yake yi. In ba don sayarwa aka ɗauka ba, to don kada a yi amfani da su ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ya tambayi Dachung ko akwai wanda ba ya son na'urar a cikin malamai. Yaron ya ce babu. Ya tambaye shi ko an taɓa gwada ta da ɗalibai. Ya ce an gwada sau ɗaya, ranar Alhamis, kuma komai ya tafi daidai. A wane aji? Nan ya fara kame-kame, ya ce ya manta.

Mutumin da gobe za a kai shi kotu, amma yana rufa wa wani asiri. Wannan ya ba Sufeto mamaki, ya kuma ba shi tausayi.

Bai nemi shawarar kowa ba. Ya sa hannu ya fitar da Dachung a kan zai je da shi wurin da abin ya faru, suka ɗauki kwamfutar suka koma Tudun Wada. Ruwa ya sake tsinkewa, kekunan adaidaita-sahu sun cushe hanya, Sufeto yana ta dukan gefen ƙofar mota da yatsu kamar hakan zai buɗe musu hanya.

Sun isa an tashi ƙananan azuzuwa, saura manya masu darasin yamma. Ya sa Dachung ya kunna kwamfutar a ɗakin malamai ya nuna masa yadda abin yake, tunda gani ya kori ji. Yaron ya buɗe wata tambaya. Ga A, B, C, D a jere, ƙarƙashin kowanne babu komai.

"In kayan suna cikin makarantar nan, wannan zai iya nemo su?"

"Ba zai iya ba, Oga. Barci suke yi sai an latsa su. In an latsa, kuma suna kusa, zai ji."

"Bar shi a buɗe."

Ya bar Roseline tare da shi ya fita baranda. Daga wani aji a ƙasa yana jin muryar Malam Natana'el tana tashi tana sauka. Can sai muryar ta tsaya, ta yi tambayar da kowane malami yake yi in ya gama bayani, wato ko an gane. Ajin gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya, "Yes sa!" har kwanon rufi ya amsa.

Wata malama ce tsaye kusa da shi tana jiran ruwa ya tsagaita. Sunanta Malama Lubna, mai koyar da kimiyya. Da ta ji amsar yaran sai ta kawar da kai, Sufeto kuwa ya gani. Ya gaishe ta, ya tambaye ta yadda malamai suka karɓi kilika. Ta ce kowa ya yi murna. Ya tambaye ta gwajin ranar Alhamis, ta ce ita a baya ta zauna, ba ta ga komai sosai ba.

"Malama, gobe da safe za a kai Dachung kotu. In kin yi shiru, da ke aka kai shi."

Ta murza bakin mayafinta, ta yi magana a hankali, tana kallon matakala. Ta ce a ajin Malam Natana'el aka yi gwajin, don shi ne babba, Madam ta ce da shi za a fara. Malamai duka suna zaune a baya. Ya koyar da darasinsa yadda ya saba, ya tambaya ko an gane, yara suka amsa kamar yadda Sufeto ya ji yanzu. Sai Dachung ya haska tambaya ɗaya a kan abin da aka gama koyarwa, yara suka latsa. Waɗanda suka ci ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ajin ya yi tsit, sai wata yarinya ta fashe da dariya. Madam kuwa, maimakon ta rufe maganar, sai ta ce wannan shi ne amfanin na'urar, kuma haka za a maimaita a wannan ajin ranar Laraba a gaban iyaye.

"Shi Malam me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya goge allo ya fita."

Yanzu Sufeto ya san wanda ya yi ƙarya da dalilinsa. Amma sani daban, hujja daban. Dattijo mai furfura da guga ba a kama shi da labarin baranda, kuma DPO ba zai saurari zato ba alhali ga kwamfuta an samu a ƙarƙashin katifa. Hadari ya sa gari ya fara duhu tun kafin lokaci. Ya yi ta safa da marwa a barandar har aka kaɗa ƙararrawa, ya ga dattijon ya hauro ya shige ofishinsa. Ya bi bayansa.

Kamar ɗazu, Malam Natana'el ya miƙa masa kujera, shi ya zauna a kan akwati.

"Malam, ka ce kilika ba ta taɓa shiga ajinka ba."

"Haka na ce."

"Ranar Alhamis fa?"

Kafin ya amsa, muryar Roseline ta ratso bango. "Oga, zo ka gani. Kwamfuta ya fara amsa da kansa."

Sufeto ya fita da sauri. A fuskar kwamfutar, ƙarƙashin B da C da ɗazu babu komai, zane ya tashi, alamar amsoshi sun shigo. Dachung ya zare ido. Ya rantse bai taɓa komai ba, ya ce kilikoki da yawa ne aka latsa a lokaci ɗaya, kuma suna nan kusa ƙwarai. Roseline ta leƙa ƙarƙashin tebura, ta buɗe kabad, ba komai. Yara sun watse, hawan duka ba kowa sai su.

Sufeto ya dubi bangon da ya raba ɗakin da ofishin. Ya tuna abin da ya faru a wancan gefen daidai lokacin da Roseline ta yi kira. Mutum ɗaya ne ya motsa, kuma zama kawai ya yi.

Ya ce wa Dachung ya goge ya buɗe sabuwar tambaya, Roseline kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙa faɗin abin da ta gani. Ya koma ofishin. Ya tarar da dattijon a tsaye, yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Sajan, akwai wani abu?"

"Babu, Oga."

"Malam, ɗan zauna."

Dattijon ya kai hannu ga kujera. Sufeto ya janye ta.

"A'a, inda ka saba."

Malam Natana'el ya dubi akwatin, ya dubi Sufeto. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, fuskarsa ta riga ta faɗi komai. Amma mutum ne da ya yi rayuwarsa yana koya wa yara bin umarni, sai ya zauna a hankali. Murfin ya yi 'yar ƙara.

"Oga, ya shigo!" in ji Roseline.

Sufeto bai sake sa shi ya tashi ya zauna ba, ko da yake ya yi niyya. Bai ga amfanin ƙara wulaƙanta tsoho ba. Ya miƙa hannu kawai, dattijon ya ciro makulli daga aljihun rigarsa ya ba shi.

Akwatin a cike yake maƙil. A ƙasa wayoyin yara ne, da madubai, da kati, da jan baki, da danƙon harbin tsuntsu, tarkacen zango guda. A samansu aka juye kilikokin, don jakar ba ta shiga ba sai da aka zazzage ta aka ninke ta a gefe. Sun yi tudu har murfin yana danna su, ga lambobin da Dachung ya manna musu da hannunsa.

Aka kira Madam. Ta shigo da faɗanta a baki, ta ga akwatin, faɗan ya maƙale. Dachung yana tsaye a bayanta, ya kasa shigowa.

Dattijon bai yi gardama ba. Ya ce ranar Juma'a, bayan kowa ya tafi, ya ɗauki makullin da ke rataye a ofishinsa ya buɗe ɗakin, ya kwaso jakar. Bai yi tunanin wani wurin ɓuya ba, don duk abin da ya dami ajinsa nan yake kulle shi, hannunsa ne ya kai su can da kansa. Kwaɗon kuma ya fasa ne don a zaci ɓarayin waje ne. Niyyarsa in Laraba ta wuce ya mayar.

"Ofisa, a gaban allo na tsufa," ya ce. "Kullum in na gama sai in tambaya, su amsa mini da ƙarfi, in kwashi allina in fita da farin ciki. Ban taɓa zaton don su rabu da ni suke amsawa ba. Ranar Alhamis aka haska mini shi a bango, a gaban mutanen da ni na koyar da su. Shi ne kuma za a sake a gaban iyaye."

"Wannan na ji," in ji Sufeto. "Dachung fa?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Na gan shi da jaka, wannan gaskiya ne. Launin ne na canza."

"Me ya sa?"

"Haushinsa nake ji. Shi ya latsa abin da ya tona ni. Na zaci Madam za ta yi masa faɗa ta ƙyale shi. Da na ga ta sa shi a mota, bakina ya yi nauyi."

"Gobe kotu za a kai shi. Da za ka yi magana?"

Malam Natana'el ya ɗago kai. "Ban sani ba," ya ce.

Wannan amsar ce ta fi komai ɓata wa Sufeto rai, duk da cewa ita ce mafi gaskiya da ya ji tun safe.

Madam ta fara cewa a bar maganar a cikin gida, kayanta sun dawo, ta janye ƙara. Sufeto ya gaya mata cewa satar ce tata, tana iya yafewa in an je gaba. Amma ƙaryar da aka yi wa 'yan sanda har aka tsare mutum ba tata ba ce, balle ta janye. Roseline ta ciro ankwa, ya girgiza mata kai, ta mayar. Dattijon ya gyara wuyan rigarsa ya bi su zuwa mota da ƙafarsa.

A kujerar baya aka sa su su biyu, malami da ɗalibinsa, tunda shi ma Dachung sai ya koma an sallame shi a ƙa'ida. Ruwa yana ta dukan rufin mota. Sun yi nisa kafin yaron ya buɗe baki, bai kuma juyo ba.

"Baba, da ka ce mini in cire ajinka daga na ranar Laraba, da na san abin da zan gaya wa Madam. Da na cire."

"Da wane bakin zan roƙe ka?" in ji tsohon.

A haka suka isa caji ofis.

Sufeto ya wuce kai tsaye ofishin DPO, ya zayyana masa yadda aka yi, ya tsaya a kansa har sai da aka soke sunan Dachung daga maganar kotu. Sai a lokacin ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, amma murna dai bai ji ba.

Ya fito da niyyar ya ce wa yaron ya kama hanyar gida, ya kuma daina kai kayan mutane ƙarƙashin katifa. Ya tarar an riga an sallame shi, amma bai tafi ba. Ɗan sandan da ke kan kanta ya ce wa Malam Natana'el ya cire bel da takalmi kafin a shigar da shi, tsohon kuwa ya kasa kwance igiyar takalmin. Dachung ne durƙushe a gabansa yana kwance masa.